Waken da Ba Mu Iya Ci

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da Barista da ke zaune tare da kai. Ni manomi ne daga Moriki.

Bana na sayi maganin ƙwari a kasuwar Kaura Namoda don in adana wakena. Mu nan ba galan muke saye ba, mai shago ke tsiyaya muna cikin robar ruwa, babu rubutu ko ɗaya. Na yayyafa wa waken yadda ya ce. Ranar da munka dafa, gidana duka sai asibiti. Mahaifiyata har yau ba ta miƙe ba.

Na koma wurin mai shago, ya ce shi awo kawai yake yi. Dila ya ce in nemi kamfani. Wakilin kamfani ya ce ai gargaɗi na jikin galan da Turanci, cewa na feshin gona ne. Galan ɗin da ban taɓa gani ba. Jami'an hukuma sun zo, sun ɗauki hoto, sun tafi. Har gobe ana auna maganin.

Barista, na gaji da yawo. A shari'a, alhakin nan na wuyan wa? Waken na nan cikin buhu. Ba mu iya ci, kuma ba ni kai shi kasuwa uwar wani ta ci.