Yaron da Ya Ɗauka Sunansa Wanga

Iyayena da ƙannena na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu wanda ya tara mu a nan. Sunana Lami. Yawancinku kun san ɗana Iliya, mai surutun nan da ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zance. To, yau zan gaya muku yadda Ubangiji ya buɗe bakinsa, ya haɗa da nawa.

A wani ɗan ƙauye muke tsakanin Safana da Tsaskiya, mu 'yan gidaje kaɗan masu bi a cikin maƙwabta Musulmi. Shekarun da arzikin mai ya shigo ƙasa ne, samari duk sun watse neman aiki. Maigidana ya bi masu aikin titi, sai damina ta kawo kai muke ganinsa, ya yi shuka ya koma. Gidan da na tarar cike ya koma daga ni sai surukata sai jariri.

Iliya ɗan farina ne, kuma sunan kakansa marigayi aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kaina. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa, ba na kallonsa in da mutane. Haka aka rene mu, kuma ba a cutu ba, don a cikakken gida kaka da gwaggo su ke yi wa ɗan fari hira. Surukata ce ke goya shi tana ce masa Angona. Kafin a yaye shi ta rasu, laƙabin ya bi ta. In ta kama dole, sai in ce, "Wanga, taho ka ci," ko "Ɗauke min wanga daga bakin murhu."

Yaro ya yi tafiya, ya yi gudu, sa'o'insa na ta zuba kamar kanari, shi ko uffan. Sai nuni da baki da yatsa. Gari ya ɗauka cewa ɗan Lami bebe ne. Na sha kuka a bayan rumbu.

Wan maigidana, Yaya Bawa, da ke zaune a Zakka, ya aiko cewa in an gama girbi zai zo ya tafi da shi. Wai bebe ba ya boko, gara ya koyi kiwon awaki tun da wuri. Maigidana ba ya musu da wansa. Na san in yaron nan ya tafi, ya tafi ke nan.

A daminar ne matar mai bisharar da aka turo mana, Malama Rifkatu, ta buɗe ajin ƙananan yara a gindin itacen bedin da ke bayan majami'a. Ban kai shi don in ga wani abu ba. Na kai shi ne don in sami sararin noman gyaɗata.

Amma ni mace ce mai son ganin ƙwaƙwaf. Hanyar rijiya ta bi ta bayan dangarsu, sai in sauke tulu in leƙa. Abin da nake gani ya ɗaure mini kai. Da safe sai sun jeru sun wanke hannu, sun durƙusa sun gaida Malama ɗaya bayan ɗaya. Su yi waƙa da tafi. Su yi ƙirga da ƙwallon kanya. Su kwaɓa laka su gina shanu, a shanya a rana. In hantsi ya dubi ludayi su sha kunu, su kwanta a tabarma tana ba su labari. Abin da ya fi ba ni mamaki, babbar mace ta tsuguna daidai da yaron da bai iya ɗaura wando ba, ta tambaye shi abu, kuma ta zauna jiran amsa. Na ce a raina, matar nan ba ta da aikin yi ne?

Wata rana ta kama ni ina leƙe. Ta yi dariya ta ce, "Lami, shigo ki gani da kyau, danga za ta tsone miki ido."

Ta zaunar da ni. Ta ce, "Yaronki kunnensa ƙalau. Jiya kwano ya faɗi a bayansa, ya fi kowa zabura. Amma dubi wani abu." Ta ɗaga murya: "Iliya!" Yana can yana gyara ƙahon sansa na laka, ko motsi bai yi ba. Sai ta ɗauki ludayi ta nuna wa sauran yaran ta ce, "Wanga fa, mine ne?" Yarona ya ajiye laka, ya miƙe, ya zo ya tsaya gabanta.

Yara suka yi dariya. Ni kuwa na gane ya ɗauka sunansa ke nan.

"Mi kike kiransa a gida?" in ji ta.

"Ba ni kiransa, Malama. Ɗan fari ne."

"To wa ke yi masa magana?"

Na buɗe baki in lissafo, ban sami kowa ba.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce yaro kamar tulu ne, sai an zuba a ɗiba. Ta ce in riƙa gaya masa duk abin da nake yi, in ina daka in ce daka nake, in kuma kira shi da sunansa. Na ce wannan kam sai dai a yanka ni.

Da na ba Inna Dije labari, Bafilatanar da ke kawo mana nono daga ruga, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Mu ai mun fi ku kunyar ɗan fari. Amma ni shanuna kowace da sunanta, in ban kira ta ba ba ta tsayawa tatsa. Ki shiga ɗaki ki kira abinki, wa ya gan ki?"

Na gwada, harshe ya ƙi. Sai rannan a gona, rana tsaka, na yar da fartanya na durƙusa cikin kunyar gyaɗa. Na ce, "Ya Yesu, an ce kai makiyayi ne mai sanin tumakinka da suna. Ga wanga…" Sai na ji kunyar kaina, ga ni gaban Mahaliccinsa ina ce masa wanga. Na yi kuka har majina. Na ce, "Ubangiji, ga Iliya. Ɗana ne, ina sonsa, kada a raba mu." Ranar na fara jin sunan a bakina, ƙasa kuwa ba ta tsage ba.

Daga nan na zama abin kallo. Ina daka ina surutu, ina tankaɗe ina surutu. Mata suka ce Lami ta taɓu. Yaro ya fara juyowa in na kira, ya fara bin bakina da ido. Malama ta ce a waƙa tana ganin leɓensa na motsi. Amma kalma ko ɗaya ban ji ba, ga gero ya shiga rumbu.

Ranar wata kasuwa da la'asar sai ga Yaya Bawa a kan keke, ya ɗaura tsumma a kariya inda yaron zai zauna. Na kawo ruwa, na durƙusa muka gaisa. Ya ce, "To, a haɗo mashi kayanshi."

Ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. Na yi addu'a a zuci, na ɗaga murya a gabansa, na kira sunan mahaifin Yaya Bawa: "Iliya, zo ka gaida Baba."

Yaya Bawa ya ƙware da ruwa. Yaro ya fito daga bayan turmi, ya durƙusa yadda suke yi wa Malama, ya ce, "Ina kwana."

Da la'asar sakaliya, 'yan'uwa! Ita kaɗai ce gaisuwar da ake yi a ajinsu.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Lahiya lau, Baba. Ina gajiya?" Ya kwance tsummansa ya cusa a aljihu, ya koma Zakka shi kaɗai.

Na gode wa Yesu da ya kwance harsuna biyu a gida ɗaya. Na gode masa don matar da ta iya tsugunawa ta jira yaro. Ke da kike da abin da ya yi miki nauyin faɗa, ki kai masa shi da sunansa, yana ji. In kin koma gida kuma, ki kira ɗanki ki tambaye shi yadda ya wuni, ki tsaya har ya amsa. Amin.