Ranar Da Na Ɗaure Fuska A Jeti

Komata na sayar na yi kuɗin mota. E, Sani, wadda babanka yake jan kifi da ita har yau, kuma tayin wulaƙanci ya yi mata, Allah ya yafe masa. Na hau motar shanu sai Legas, ina ta hura hanci: ɗan Tiga, haihuwar bakin dam, wane ruwa ne zai ba ni tsoro? Da na ga nasu, na gane namu na alwala ne.

Wani mai gadi ɗan Yako ne ya kai ni wurin mai jiragen ruwa na fasinja, irin masu inji a baya, da ke tsallaka da ma'aikata safe da yamma. Oga ake ce masa. Na zaci zai tambaye ni iyo ko ɗaurin igiya. Sai ya ce in buɗe baki, ya leƙa kamar mai sayen rago.

"Aboki, haƙoranka sun yi. Aikinka simayil."

Simayil wai murmushi ke nan. Ka tsaya a jeti, wato inda jirgi ke loda mutane, ka kama hannun fasinja, ka rataya masa rigar ruwa, ka yaƙe haƙora. In igiyar ruwa ta daki jirgi, fuskar ma'aikaci fasinja yake kallo. In ya ga haƙora sai hankalinsa ya kwanta, gobe ya dawo. Wanda na gada, ciwon haƙori ne ya kumbura masa fuska, aka sallame shi. Ni kuwa ga iyali a gida, ga shi ba koma.

Ku kun sani, a nan namiji mai gemu ya riƙa washe baki ba dalili, rubutu za a fara nema masa. Amma na koya. Fasinja ya yi min amai a ƙafa, haƙora. Ya kira ni da sunan da ba zan maimaita a gabanku ba, haƙora. In na tashi aiki sai na gasa kumatuna da ruwan zafi. Abin ya bi min jiki, har matar da muke haya a gidanta ta zo tana zazzaga masifa a kan na ɓata mata ruwan famfo, ni kuma ina mata murmushi.

"Raina ni ka yi?"

"A'a Madam, daga aiki nake."

To, jirgin namu yoyo yake ta ƙarƙashin katako. Kullum da yankakkiyar jarka nake kwashewa. Na gaya wa Oga.

"Ruwa a jirgi, sai me? Ba a kan ruwa yake ba? Simayil!"

Wata safiya cikin damina, ga iska, tun ba a gama lodi ba ruwan ya kai min idon sawu a baya. Na san yau ba irin ta kullum ba ce. Sai ga wata mata Bahaushiya, da goyo a baya, tana riƙe da 'yar yarinya. Ta dube ni ta gane na gida ne.

"Bawan Allah, jirgin nan lafiya kuwa?"

Oga na tsaye a gefe, ba ya jin Hausa. Na ce ga dabara. Na buɗe haƙora duka, na ce, "Baiwar Allah, ki koma. Yoyo yake, yau ba zai kai ba."

Ta yi dariya. "Kai ɗan'uwa, ka cika tsokana." Ta ɗaga yarinyar ta miƙo min.

Wallahi kunya ta kama ni, da baƙin ciki. Gaskiya na faɗa mata, amma fuskar tawa ta ƙaryata ni. Na dubi yarinyar, na dubi Oga. Sai kawai na rufe baki, na ɗaure fuska irin ta gida, na ƙi karɓar yarinyar.

Fasinjojin nan kullum da ni suke tsallakawa, ba su taɓa ganin leɓunana a haɗe ba. Wani mai kwat ya kalle ni, ya kalli ƙasa, ya rungumi jakarsa ya yi tsalle waje. Kafin ka ce me, jirgi ya zama wayam, har da direban.

Oga ya shaƙe ni. "Me ka gaya musu?"

"Ni? Ko tari ban yi ba."

A ranar ya kore ni. Matar ma ba ta tsaya godiya ba, ta ja 'yarta ta nufi tashar mota. Na dawo Tiga da buhun tsummokarana, ina jan komar wasu.

Na san wasunku Legas suke hari, kuma ba zan hana ku ba. Amma in kun shiga jirgi kuka ga ma'aikaci yana muku fara'a, kada ku mayar masa. Ku duba ƙarƙashin ƙafarku.