Tama a Aljihu

A bakin tafki a garin Two Harbors, tsoho Eino na zaune gindin kan jirgin ƙasan da aka girke don tarihi, sai wata budurwa ta duƙa tana tsintar wasu baƙaƙen ƙwallaye.

"Baba, wannan kamar kashin zomo?"

"Zomon gidanku ke kashin ƙarfe? Tama ce, 'yata. Ƙuruciyata kaf ita na yi ta jigila a jirgin ƙasa daga mahaƙa zuwa jiragen ruwan can."

"Bari in cika aljihu."

"Cika mana. Haka kuke ku baƙi, ku ɗau hoto, ku sayi kifi banda, ku wuce. 'Ya'yana ma sun gudu birni. Ni da wannan jirgin duk kayan kallo muka zama."

"Ni ba kallo na zo ba, Baba. Litinin zan fara koyon tuƙa jirgin ƙasan dakon tama."

Eino ya gusa, ya share mata benci da hularsa.

"To zubar da su, daga Litinin a takalminki za ki riƙa tsintarsu. Zauna in gaya miki halin gangaren shigowa garin nan."