Na Danna "J'accepte" Ban Karanta Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Mustafa ne daga Parakou.

A gidanmu ni kaɗai ke da kwamfuta, shi ya sa takardun dangi duk a cikinta suke, har da hotunan bikin mata da ba a nuna wa maza. Da ita kuma nake wasan intanet da abokaina na Djougou.

Bara wasan ya ce sai na sa manhajar hana maguɗi. Doguwar yarjejeniya ta fito da Faransanci, na danna "J'accepte", wato "na yarda", na wuce. Makon jiya abokina Sabi'u ya karanta mini ita. Ashe na yarda manhajar ta leƙa cikin kwamfutar, ta ɗauki hoton allona ta aika wa kamfanin!

In na cire ta, wasan ba zai buɗe ba, ƙungiyarmu ta watse, kuma abin da ya tafi ya tafi. Jiya gwaggona ta kawo fasfonta in ajiye mata kwafi a cikin kwamfutar, ta ce, "Mustafa, a wurinka kawai hankalina ke kwanciya." Na karɓa, na kasa kallon idonta.

Masu sauraro, don Allah, me zan gaya mata?