Bizar Gidan Surukai

A ofishin biza a Doha, wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi ta dubi Suraj yana ta juya fasfo.

"Ɗana, ina aka nufa?"

"Thailand, Hajiya, garin matata, mu da yara. Bizar yawon buɗe ido zan karɓa, ita ce gajera."

"Ga ta iyali mai tsawo, yadda kaka za ta more jikokinta, ka zaɓi gajera? Aiki ne?"

Suraj ya sosa ƙeya. "Surukata ce, tare take cin abinci da kowa. Ni kuwa Bakano, ina ni ina ci gaban suruka?"

Hajiya ta yi dariya. "Karɓi mai tsawon, ɗana. Kunyar nan, yunwa za ta cire maka ita."