Regilatar ɗin Kamyon Alhaji

A tashar Tasawa, kakar gujiyar 1964, na ji wani Alhaji mai kamyo, babbar motar kaya, yana jayayya da baƙon makanike.

"Batir na tafasa, fitilu na ƙonewa," in ji makaniken. "Regilatar ne, Alhaji, ya daina daidaita wuta."

"Ko dai nawa kake so ka kwance, ka liƙa mini tsoho? Ɗan Faransa ne, da shi motar ta zo."

"Wannan? Ƙirar Ingila ce. Da hannuna na ɗaura shi bara, a Katsina."

"Motata Maradi kawai take kai gujiya. Ba ta taɓa ƙetare iyaka ba."

Makaniken ya shiga goge hannuwansa.

"Dakata da gyaran," in ji Alhaji, ya waiwaya wajen direbansa. "Illo! Taho ku gaisa da mutuminka."