Fada Ozoemena Zai Tafi, Ya Bar Wa 'Yata Makarantarsa

Shugaban taro Malam Junaid, mai unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, limamanmu da fastoci, iyaye mata, malamai, jama'ar Tarauni baki ɗaya, assalamu alaikum, barkanku da zuwa.

Ina godiya da aka ba ni dama a wannan taro na bankwana da Fada Ozoemena, duk da dai sai da aka gama kiran kowa aka tuna da ni. Ni ne Alhaji Garzali mai kayan katako. Daga sakandare ban ƙara ba, kuma babu wanda ya ɗaga ni sai Allah.

Na farko, gaskiya ce, da Fada ya zo daga ƙasar Ibo ya buɗe ajin ƙananan yara a bayan cocinsa, dariya muka yi. Ɗan shekara uku me zai koya? Ga yashi, ga marafan kwalba, ga waƙa, babu bulala. Kullum da safe babban mutum yana bakin ƙofa a tsugune, farar rigarsa na sharar ƙasa, yana gai da kowane yaro da sunansa. Azahar na yi ya sallami namu su tafi Islamiyya. Haka ya ƙare ƙuruciyarsa, ko keken kirki bai ajiye ba.

Na biyu, ni ma na gina makarantar yara a Unguwa Uku. Bene ne, jama'a, da lilo, da fanka, da mota. Na ce malamaina su riƙa tsugunawa kamar Fada. Suna tsugunawa kuwa, in sun hango motata. Ni yara na ganina sai su yi tsit, shi kuwa har aljihunsa suke lalube.

Na uku, nan ne abin ke ci mini rai: 'yata Fauziyya. Ni na kawo ta ajinsa da hannuna, ni na yi ɗawainiyarta har ta gama jami'a, don ta riƙe mini makarantata. Sai ta zo ta ce, "Abba, Fada ya ce in riƙe tasa. Ba zan karɓa ba sai ka yarda."

Na ce, "Tawa fa?"

Ta ce, "Taka tana da kai, Abba."

Na ce, "Au, ta Fada ba ta da Allah?"

Fada, ba ka haifa ba, amma rabin unguwar nan Baba suke ce maka. Wannan ɗin ma sai ka haɗa da ita?

Fauziyya, tashi a gan ki. Na yarda. Ba da daɗin rai ba, amma na yarda. Sai dai a allon ƙofa a rubuta Fauziyya Garzali, da manyan baƙaƙe, kowa ya san 'yar wa ce.

Allah ya kai Fada gida lafiya, ya raya mana yaranmu, ya zaunar da Kano lafiya, ni kuma ya sanyaya mini zuciya. Na gode.